Musun Waya Ba Ya Gyara Waya: Ra'ayin Da Kamfanoni Ke Ji Shi Ne Mai Hujja

Duk inda matasa uku suka zauna da wayoyi a hannu, ko a rumfar mai caji, ko a bencin mai shayi, ko a layin shagunan Farm Centre da ke Kano, da wuya a tashi ba a taɓa musun waya ba. Wannan ya ce kyamarar iPhone ba ta da ta biyu. Wancan ya ce ai Samsung ta wuce nan, tunda har wata take zuƙowa. Na ukun ya ɗaga Tecno ɗinsa ya ce da kuɗin guda ɗaya cikin waɗancan zai sayi irin tasa biyar, har a ba shi canji. A yi ta ja har dare ya raba, kowa ya tafi yana kan bakansa, kamfanonin da ake ɓaci dominsu kuwa ba su ma san ana yi ba.

Wannan ba ya nufin ra'ayin mai amfani da waya banza ne. Ra'ayin masu saye ya sha tilasta wa manyan kamfanoni sauya abin da suka kafe a kai. Sai dai idan aka bi lokutan da hakan ta faru ɗaya bayan ɗaya, za a ga kamanninsu iri ɗaya ne: wani ya gwada abu da hannunsa, ya nuna sakamakon yadda kowa zai iya maimaitawa, sannan aka kai maganar wurin da za ta yi wa kamfanin zafi. Abubuwa uku da aka fi yin musu a kansu, wato kyamara da bakin caji da yadda ake tace manhajoji a Play Store da App Store, kowannensu yana da misalin haka.

Kyamara: lambar da ke jikin kwali

Abu na farko da mai shago zai faɗa wa mai saye shi ne yawan megafiksel. Hoto tarin ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo shi ake kira fiksel, guda miliyan ɗaya kuma su ne megafiksel ɗaya. A bayan gilashin kyamara akwai ɗan faifan da ke karɓar haske, wato sensa, wanda a yawancin wayoyi bai wuce farcen yatsa girma ba. Idan aka raba wannan ɗan faifan gida miliyan 200, kowane gida zai zama ƙanƙani, hasken da zai samu kuma ya ragu. Kamar fili ne da aka yanka fuloti-fuloti: yawan fulotan ba ya ƙara wa filin faɗi.

Kamfanonin da kansu sun san haka. Galaxy S23 Ultra da Samsung ta fitar a 2023 tana da kyamara mai megafiksel 200, amma idan aka ɗauki hoto ba tare da an taɓa saiti ba, wayar tana haɗa ɗigo 16 su zama ɗaya, hoton da zai fito kuma ya tsaya a wajen megafiksel 12. Ita kuwa Apple ta zauna a kan megafiksel 12 tun daga iPhone 6s a 2015 har zuwa iPhone 13 a 2021, kuma a duk waɗannan shekarun ba a taɓa cire ta daga sahun gaba a hoto ba. Tun 2012 Nokia 808 PureView ta zo da megafiksel 41. Da lamba ce ke yanke hukunci, da tun lokacin an gama musun. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Haka batun yawan idanun kyamara yake. Wayoyi masu araha da dama suna zuwa da ido uku ko huɗu a baya, amma idan aka duba takardar bayanansu sai a tarar guda ɗaya ne na aiki, sauran masu megafiksel 2 ne da ba su da wani tasiri a hoton yau da kullum. Sannan mafi yawan hotunan nan a WhatsApp suke ƙarewa, inda ake matse su a rage musu nauyi kafin su isa wayar wanda aka tura wa.

Abin da ke fitar da hoto mai kyau shi ne girman sensa, da ingancin gilashi, da kuma lissafin da manhajar kyamara ke yi bayan an danna. A nan ne ra'ayin masu amfani ya taɓa yin aiki na gaske. Shekaru da dama baƙaƙen fata suna ƙorafin cewa kyamarori na dusashe musu fuska, ko su mayar da ita toka-toka, musamman da dare ko idan haske na bayansu. Wannan ƙorafi ne da ake iya nunawa: ga hoton, ga mutumin a tsaye. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya saita kyamarorinsa don su dace da baƙar fata, kuma hakan na cikin abubuwan da suka taimaka masa ya zama kan gaba a kasuwar waya ta Afirka. A 2021 Google ta fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6 saboda wannan matsalar, a 2022 kuma ta karɓi ma'aunin launin fata mai matakai 10 na Farfesa Ellis Monk na Jami'ar Harvard.

Labarin wata ma darasi ne. An daɗe ana musu kan ko hoton watan da wayoyin Samsung ke ɗauka na gaske ne. A watan Maris na 2023 wani mai amfani da waya a dandalin Reddit ya yi abin da ya fi musu. Ya ɗauko hoton wata, ya ƙanƙance shi, ya dusashe shi har ramukan jikinsa suka ɓace, ya buɗe shi a fuskar kwamfuta, ya kashe fitilar ɗaki, sannan ya ɗauke shi da wayar daga nesa. Sai ga hoto ya fito tar da ramuka da zane-zanen da babu su a abin da kyamarar ta gani. Dole Samsung ta fito ta yi bayanin yadda manhajarta ke gane wata ta ƙara masa kwalliya, da yadda ake kashe wannan saitin. Gwajin mutum ɗaya a ɗakinsa ya samo amsar da shekarun cacar baki ba su samo ba.

Bakin caji: abin da doka ta ƙwato

Wanda ya riƙe waya kafin 2010 zai tuna lokacin da kowane kamfani ke da irin cajarsa: ta Nokia mai siririn baki, ta Sony Ericsson mai faɗi, ta Samsung daban. Masu sana'ar caji da janareta su suka fi kowa sanin wannan wahalar, domin sai sun tara igiyoyi iri-iri kafin su iya karɓar wayar kowa. A 2009 Tarayyar Turai ta shawo kan manyan kamfanoni suka sa hannu a wata yarjejeniya ta ganin dama, wadda ta rage nau'o'in caja daga kusan 30 zuwa 3. Yawanci suka koma micro-USB. Apple ta bi tata hanyar, ta fito da Lightning tare da iPhone 5 a 2012.

A yi wa Lightning adalci: a lokacinsa ya fi micro-USB, domin ana soka shi ta kowane ɓangare, shekara biyu kafin a kammala tsarin USB-C a 2014. Amma bayan USB-C ya yaɗu, har ita Apple ɗin ta sa shi a kwamfutocinta da iPad, barin iPhone a kan Lightning ya zama wahala ga mai saye kawai. Masu amfani sun yi ta magana shekara da shekaru, ba abin da ya motsa. Abin ya motsa ne lokacin da ƙorafin ya koma lissafi a teburin 'yan majalisa. Hukumar Tarayyar Turai ta ƙiyasta cewa cajojin da ake zubarwa ko ake ajiyewa ba amfani sun kai kusan tan 11,000 a shekara, kuma caja iri ɗaya za ta rage wa masu saye kashe kusan Yuro miliyan 250 duk shekara. Ranar 4 ga Oktoba, 2022 Majalisar Turai ta amince da dokar da ƙuri'a 602, masu adawa 13. Dokar ta fara aiki a kan wayoyi ranar 28 ga Disamba, 2024, amma Apple ba ta jira ba: iPhone 15 ta zo da USB-C tun Satumbar 2023, kuma a duk duniya, domin ƙera iri biyu asara ce. Da haka mai iPhone a Zariya ko Maraɗi ya ci moriyar dokar da aka yi a Turai.

Apple ta yi hujjarta a lokacin, cewa tilasta baki ɗaya zai iya daƙile ƙirƙira, kuma miliyoyin igiyoyin Lightning za su zama shara. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai sharar sauyin ta lokaci ɗaya ce, ta rarrabuwar caja kuwa kullum ƙaruwa take.

Inda masu murna ke yin kuskure shi ne zaton da an ce Type-C an gama. Siffar bakin ce ta zama ɗaya, abin da ke bi ta cikinsa bai zama ɗaya ba. Ko a gidan Apple, iPhone 15 ta talaka tana tura fayil da saurin USB 2, wato megabit 480 a daƙiƙa, irin na Lightning, yayin da 15 Pro ke kaiwa gigabit 10. Igiyar USB-C ta yau da kullum tana ɗaukar wat 60. Wadda za ta wuce haka, zuwa wat 100 ko 240, sai tana da ɗan guntun na'ura a cikin kanta da ke shaida wa caja ƙarfinta. Wasu kamfanonin kuma suna da tsarin saurin cajinsu na kansu, wanda ba ya cika aiki sai da kan cajarsu da igiyarsu. Shi ya sa mutum zai ari cajar abokinsa, baki ya shiga daidai, amma waya ta kwana tana rarrafe.

Ga kuma jabun igiyoyi. A ƙarshen 2015 wani injiniyan Google mai suna Benson Leung ya fara sayen igiyoyin USB-C a Amazon, yana auna su da na'ura, yana rubuta sakamakon a wurin sharhin masu saye. A farkon 2016 wata igiya da aka haɗa wayoyin cikinta a juye ta ƙona masa kwamfuta. Ya rubuta abin da ya faru dalla-dalla, kuma a watan Maris na shekarar Amazon ta haramta sayar da igiyoyin USB-C da ba su cika ƙa'ida ba. A wuri ɗaya ya rubuta da kowa, a ƙarƙashin taurarin nan guda biyar. Bambancinsa da sauran shi ne ya auna kafin ya rubuta.

Wannan ya fi shafar mai saye a nan fiye da na Turai. Tun da Apple ta cire kan caja daga kwali a 2020, Samsung ta bi sahu a manyan wayoyinta a 2021, sayen caja ya koma kasuwa, inda ta gaske da jabu ke rataye a ƙusa ɗaya. Ga wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama, ga janareta. Cajar da ba ta da kariya a ciki tana iya kashe batir, ta lalata wurin cajin waya, wani lokacin ma ta tayar da gobara. Brazil ta ci tarar Apple a 2022 saboda sayar da waya ba caja. Musun da ya kamata matasa su riƙe ke nan, ya fi na wace waya ce ta fi aji.

Kantin manhaja: mai gadin da ake zagi kuma ake buƙata

A nan ra'ayi ya fi rabuwa. Wasu na ganin Google da Apple sun cika takura: su cire manhajar da suka ga dama, su karɓi kashi 30 cikin 100 na cinikin cikin manhaja, ko kashi 15 ga ƙananan masu ƙirƙira. Wasu kuma na ganin sakacinsu ya yi yawa, tunda har yanzu ana samun manhajojin damfara a ciki. Duka ɓangarorin suna da abin nunawa.

Masu kukan takura za su tuna yadda aka cire wasan Fortnite daga kantunan biyu a watan Agusta na 2020, bayan kamfanin Epic ya sa hanyar biyan kuɗi tasa. Za su tuna yadda Apple ta cire manhajojin VPN daga kantinta na ƙasar Sin a 2017 saboda dokar gwamnatin can. Har sharhin masu amfani bai tsira ba: a Janairun 2021, da masu hulɗa da manhajar hannun jari ta Robinhood a Amurka suka yi mata ruwan tauraro ɗaya, Google ta goge sharhi kusan 100,000, tana kallon abin a matsayin taron dangi. Ƙaramin mai haɗa manhaja ma yana jin nauyin gadin. Rajistar Google dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple dala 99 duk shekara, kuma sabon asusun mutum ɗaya a Play Store sai ya samo masu gwaji 12 sun riƙe manhajar kwana 14 kafin a bar shi ya sake ta ga jama'a. Ga matashin da ya koyi aikin da kansa da wayar hannu da tsohuwar laftof, wannan ba ƙaramin shinge ba ne.

Amma duk wanda ya ce a cire mai gadin gaba ɗaya, ya tuna manhajojin bashi. Dubban 'yan Najeriya sun sauke su daga Play Store, suka danna amincewa ba tare da karantawa ba, manhajar ta kwashe lambobin wayarsu da hotunansu. Da biya ya yi jinkirin kwana kaɗan, sai saƙo ya isa ga iyaye da surukai da abokan aiki cewa wane ɓarawo ne ko ɗan damfara. An ɓata wa mutane suna a kan bashin da bai taka kara ya karya ba. Tun 2019 Google ta hana manhajojin da ke neman a biya bashi cikin kwana 60 ko ƙasa da haka, amma masu wannan sana'ar suka ci gaba da zillewa.

Abin da ya sauya lissafin shi ne waɗanda abin ya shafa sun ajiye hoton saƙonnin, da sunan manhajar, da lambar asusun da aka ce su biya, suka kai wa hukuma. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas, a cikin shekarar kuma ta fito da tsarin yi musu rajista. Daga ƙarshen Janairun 2023 Google ta fara neman shaidar amincewar hukumar kafin manhajar bashi ta zauna a Play Store na Najeriya, daga 31 ga Mayu, 2023 kuma ta hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobin waya da hotuna. A watan Yunin shekarar aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa. Matsalar ba ta ƙare ba, amma ƙofar ta ƙuntata.

Wasu daga cikin manhajojin da aka kora sun koma raba fayil ɗin APK ta hanyar tura adireshi a saƙo. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai son sauke abu daga wajen kanti ya yi tunani. Al'adar tura manhaja ta Xender, ko saka GBWhatsApp don ganin saƙon da aka goge, tana da daɗi har ranar da WhatsApp zai rufe lambar, ko a wayi gari wani ya shiga asusun banki. Wanda ya guje wa takurar Play Store ya faɗa hannun wanda bai san ko waye ba, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Don haka neman da ya dace shi ne mai gadi ya zauna, amma a san ƙa'idarsa: idan ya cire manhaja ya faɗi dalili, mai ita ya samu inda zai ɗaukaka ƙara, kuma hukumar ƙasa ta iya tuhumarsa. Turai ta fara bin wannan hanyar da dokar kasuwannin intanet, wadda ta sa Apple ta buɗe ƙofa ga wasu kantunan manhaja a can tun watan Maris na 2024.

Yadda ra'ayi ke yin nauyi

Wani zai ce duk waɗannan misalan na masu ƙarfi ne: injiniyan Google, majalisar Turai, hukumar gwamnati. Ina matashi mai wayar dubu tamanin zai shiga? Amsar tana cikin misalan. Gwajin wata bai buƙaci komai ba sai kwamfuta da ɗaki mai duhu. Matakin da aka ɗauka kan manhajojin bashi daga hoton saƙo ya faro. Kasuwar Afirka kuma ba ƙarama ba ce, tunda akwai kamfanin da ya gina arzikinsa kacokan a kan sauraron abin da masu saye a nan ke so, daga layi biyu zuwa babban batir.

Mai shirin sayen waya ya ɗauki hoton fuskar abokinsa a cikin shagon, a wuri mai ƙarancin haske, ya tura wa kansa ta WhatsApp ya gani, kafin ya saurari lambar megafiksel. Mai sayen caja ya karanta wat ɗin da ke jikinta, ya gwada ta a gaban mai shago, ya taɓa ya ji ko tana zafi fiye da kima. Mai sauke manhaja ya duba izinin da take nema: tocila ko kalkuleta ba su da hulɗa da lambobin waya. Idan ya ga ɓarna, akwai wurin kai rahoto a shafin kowace manhaja a Play Store, akwai kuma FCCPC da hukumar kare bayanai ta NDPC.

Mai rubuta sharhi kuma ya bar "wannan manhajar banza ce" da tauraro ɗaya. Ya faɗi irin wayarsa, da abin da ya danna, da abin da ya faru, da ranar. Irin wannan sharhin mai haɗa manhaja ke iya aiki da shi, shi ne kuma ya fi wuyar gogewa da sunan taron dangi. Ko da Hausa aka rubuta shi ya yi amfani, domin wanda zai zo saukewa gobe wataƙila Hausar ce kaɗai zai karanta ya gane.

Musun mai shayi ba laifi ba ne, nishaɗi ne, kuma ba mai hana shi. Amma kuɗin da aka tara wata shida aka sayi waya, da batirin da ke kwana kusa da matashin kai, da lambobin iyaye da ke cikinta, sun cancanci a kare su da abin da ya fi ihu. Wanda ke da ƙorafi ya ɗauki hotonsa, ya rubuta ranar, ya kai inda za a karanta.